Gudumar Baba

Auta ta kira ni ran Litinin da hantsi, ina tsaye a ɗakin guga na otal ɗin da nake aiki, da zanen gado a ƙarƙashin dutsen guga. Na maƙale wayar a kafaɗa ban fasa aikina ba, don na ɗauka hirar da muka saba ce.

"Yaya, kina zaune ko kina tsaye?"

"Yaushe kika taɓa kira kika same ni a zaune?"

Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. Na jira tarin ya wuce. Sannan ta ce likitocin can ƙasar da take aure sun ce ciwon ya fi ƙarfinsu, mijinta zai kai ta asibiti a wata ƙasa dabam. Babu jirgin da ke zuwa can kai tsaye, sai sun sauka a filin jirgin nan namu ran Alhamis su canza wani. Za su sauka ƙarfe goma na safe, su tashi ƙarfe huɗu. Tunda fasfonta na nan gida ne, za a bar ta ta fito babban zaure ta zauna, amma ƙarfe biyu da rabi ma'aikata za su zo su tura ta ciki, don masu keken marasa lafiya su ake fara shigarwa.

"Ba zan iya hanyar garinmu ba, Yaya. Ke za ki zo."

Shekara goma sha ɗaya rabona da ita ido da ido. Yau takardu, gobe haihuwa, jibi makarantar yara, haka shekarun suka tafi. Ko da maigidana ya rasu ba ta samu zuwa ba, a waya ta taya ni kuka. Mu biyu Baba ya bari, kuma ni Allah bai ba ni haihuwa ba. In an ce ina da kowa a duniya, to ita ce.

"Gudumar Baba tana nan?" in ji ta.

"Tana bayan ƙofa, ina za ta je?"

"Ki zo min da ita. So nake in riƙe ta."

"Ke dai ba a raba ki da shirme. Mutane na kai wa mara lafiya lemo, ni in kai miki ƙarfe?"

"Lemo akwai a nan ma."

Sai da na ji ƙauri na tuna da dutsen guga. Shekara goma sha tara ina wannan aiki, ranar na fara ƙona zanen otal.

Baba ma'aikacin layin dogo ne, mai duba layi. Kullum da safe yakan bi layin da ƙafa, riƙe da guduma mai doguwar ƙota. Duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe sai ya tsaya ya buga sau biyu, ya kasa kunne, ya ƙara ɗaya. In ƙarfen ya amsa da murya tar, ya wuce. In ya amsa a dakushe, to akwai kusar da ta saki. Haka ma yake ƙwanƙwasa ƙofar gida in ya dawo, biyu, shiru, ɗaya. Ranar da babu makaranta mukan bi shi, ni da goran ruwansa, Auta tana kuka sai an ba ta gudumar, alhali gudumar ta fi ta tsawo. Janta take yi a kan tsakuwa, Baba yana cewa za ta cinye masa kan guduma kafin ya yi ritaya.

Ruwan sama ya sauko ran Litinin ɗin da yamma, bai ɗauke ba sai daren Laraba. Bokiti uku na tara a ɗakina saboda yoyo, na ja katifa tsakiya. Ran Alhamis da sassafe na ɗaura zanen da na fi so, wanda na goge shi sau biyu, na naɗe gudumar a wani tsohon tawul da otal ya yar, na kulle ɗaki na ɗaure makullin a bakin zani. Daga garinmu zuwa filin jirgi tafiyar awa uku ce a babban titi. Na ce ko Auta ba ta sauka ba zan riga ta.

Bayan awa biyu motarmu ta tsaya a bayan wani dogon layin motoci. Direba ya fita, ya daɗe, ya dawo ya kashe inji.

"Jama'a, a sauka a miƙe ƙafa. Ruwa ya ci gada."

Na bi mutane har gaba inda aka ɗaura igiya. Titin ya tafi sumul, da farin layinsa a tsakiya, sai kawai ya ƙare. Kogin da na sani ana wanki a bakinsa ya cika ya batse, ya yi ja, yana gudu da itatuwa har da saiwoyinsu. Can nesa ga sauran titin, da nasa layin motocin, da nasa mutanen suna kallonmu.

Aka ce za a kawo jiragen ruwa. Na zauna a kan wani dutse na jira. Wannan jira na awa ɗaya da rabi, har yau ina tuna shi. Daga baya wani jami'i ya zo ya ce babu jirgin da zai shiga ruwan nan sai ya sauka, watakila gobe, watakila jibi. Na koma wajen direbanmu na tambaye shi ko akwai wata hanya.

"Akwai, Mama. Ta zagaye. In mun tashi yanzu, gobe war haka muna can, in ita ma ruwa bai ci ta ba."

"Ƙanwata ƙarfe biyu da rabi za a shigar da ita."

"To sai dai ki yi fiffike."

Bai faɗa da mugunta ba. Ya ga fuskata, ya kau da kai ya shiga goge gilashin motarsa da ba shi da datti.

Goma da kwata wayata ta yi ƙara.

"Yaya, mun sauka. An ajiye ni a zaure kamar buhu. Kina ina?"

"Ina hanya. Ruwa ya ci gadar titi."

Ina jin numfashinta, ina jin wata murya tana sanarwa a bayanta.

"Ta Baba fa?" ta ce.

Gadar jirgin ƙasa take nufi. Tun muna yara, lokacin muna zaune a wani ƙauye kusa da kogin, haka muke ce mata, gadar Baba, don a can aikinsa na yini yake ƙarewa, ya ci abinci a bakinta ya juyo. Tana sama da gadar titi nesa ba kusa ba, kuma ta fi ta tudu. Ni da nake tsaye a bakin kogin ban tuna da ita ba, sai ita da ta shekara goma sha ɗaya ba ta nan.

"Ki zauna inda kike," na ce mata. "Ina zuwa."

"Da ma ina zan je? Ƙafar ma ta aro ce."

Na juya baya da ƙafa zuwa inda layin dogo ya ratsa titi. Kafin a hau tudun layin akwai wani kwari da ruwa ya kwanta a ciki. Na zaci iyakarsa gwiwa. Da na kai tsakiya ya kama ni har ƙirji. Na ɗaga gudumar sama da hannu biyu, na manta jakata tana rataye a kafaɗa, wayar tana ciki. Da na hau tudu na danna ta, na girgiza, na hura mata iska, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Lambar Auta ta ƙasar waje ce, doguwa, ban taɓa haddace ta ba.

Ina matse zani sai na ji ana nishi a bayana. Wani mutum ne da kwat, ya ɗora akwati a ka, wandonsa ya manne masa a jiki.

"Mama, na ga kin nufo nan kamar kin san abin da kike yi. Ni ma jirgin sama zan kama."

"Ni ba jirgi zan kama ba. Mutum zan gani."

"Hanya dai ɗaya ce."

Muka kama layin. Ƙafata ta tuna da abin da na manta, yadda ake taka katakan ƙarƙashin layi, taku ɗaya ya yi kaɗan, biyu ya yi yawa. Mai kwat yana ta tuntuɓe, ya gwada jan akwatinsa a kan tsakuwa har taya ɗaya ta cire. Ya yi magana a kan taron da zai je, da abin da zai rasa in bai je ba. Hagu da dama gonaki sun zama tafki, sai kawunan bishiyoyi. Na waiwaya sau ɗaya na ga wasu mutum shida ko bakwai sun biyo mu daga nesa.

Rana ta kusa tsaka muka iso gadar. Tana nan. Amma ruwan da a da sai ka leƙa sosai kake hango shi, yau saura kaɗan ya taɓa cikinta. Ba ta da abin dafawa. Tsakanin katako da katako fili ne, ruwa yana wucewa a ƙasa da kwanon rufi, da gawar saniya, har da wani firji fari yana juyawa. Ƙarar kuwa sai ka ɗaga murya.

"Wannan za ta ɗauke mu?" in ji mai kwat.

Ban sani ba. Na cire takalmana na cusa a jaka, na warware tawul. Na je mahaɗar farko na buga sau biyu, na kasa kunne, na ƙara ɗaya. Ƙarfen ya amsa tar, muryar ta bi layin ta tafi.

Gaskiya ita ce wannan bugu ba ya gaya wa kowa ko ƙafafun gada suna nan daram a ƙarƙashin ruwa. Baba kusoshi yake dubawa, ba ginshiƙi ba. Na buga ne don ban san wata hanyar tafiya a kan layi ba, kuma in ina sauraron ƙarfe ba na sauraron kogin. Amma mai kwat ya juya ya ɗaga wa na baya hannu.

"Ku taho, akwai injiniya a nan. Ta ce lafiya lau."

Haka na shige gaba, mai gugar otal, mutane suna bin sawuna. Baba yakan ce mana kada mu dubi tsakanin katakai, mu dubi wanda za mu taka. Na taka, na taka, in na zo mahaɗa in buga. A tsakiyar gadar wata bishiya ta daki ginshiƙi, na ji girgizar ta shigo ta tafin ƙafata har haƙora. Wata mata a baya ta fara salati da ƙarfi. Na durƙusa na riƙe ƙarfen layi da hannu ɗaya. A nan na ga Auta ƙarama, a wannan wurin, Baba ya saɓa ta a wuya tana ja masa kunne tana cewa ya yi sauri. Na tashi na buga na gaba.

Muka taka ƙasa a ɗaya ɓangaren. Kowa ya sa takalminsa. Wani ƙauye ne a wajen, da babur ɗaya tak a gindin bishiya. Kafin in gama ɗaure tawul, mai kwat ya riga ya hau, akwatinsa a kan tanki.

"Mama, ki yi haƙuri, nawa jirgin ba ya jira. Zan ce ya dawo ya ɗauke ki."

Bai dawo ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, amma na lissafa sau da yawa inda zan kai da ni ce a kan babur ɗin. Na yi tafiyar kusan rabin awa a cikin laka kafin wani mai tarakta ya tsaya ya ce in hau bayan, in riƙe da kyau. Shi ya kai ni babban titi ta wancan ɓangaren, inda motocin da suka gaji da jira suke juyawa birni. Na shiga ɗaya. Matar da ke kusa da ni ta janye rigarta daga jikina. Agogon motar yana cewa ɗaya da minti goma, na kafa masa ido har muka isa.

Biyu da minti biyar aka sauke ni a filin jirgi. Ban taɓa zuwa ba. Gini ne dogo na gilashi, da ƙofofi da yawa masu buɗe kansu. Na nufi ta farko. A bakinta akwai mai gadi da wata na'ura da ake zura kaya a ciki. Na ɗora jakata da tawul. Ya dubi allonsa, ya dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa, ya warware tawul ɗin.

"Mama, wannan fa?"

"Gudumar mahaifina ce."

"Ba ta shiga. Makami ce."

"Kayan aiki ne, ɗana. Ƙanwata tana ciki a keken marasa lafiya, ita ta ce in kawo mata. Riƙewa kawai za ta yi, in fito da ita."

"Ko allura ce aka hana, an hana. Ki jefa ta can ki wuce." Ya nuna min wata durom da almakasai da wuƙaƙe a ciki. "Amma ki sani, abin da ya shiga nan ba ya fitowa."

"To riƙe min ita, minti goma."

"Ba a yarda mu riƙe kayan kowa ba. Aikina kike so in rasa?"

Na ce ya aika a kira min mijin Auta. Ya ce shi kaɗai ne a ƙofar, rabin abokan aikinsa ruwa ya tare su a gida. Mutanen da ke bayana suka fara tsaki. Sai ya ce akwai ofishin ajiyar kaya a can ƙarshen ginin ta waje, in kai ta can.

A nan ne na yi kuskuren. Durom ɗin tana gabana, taku biyu. Da na jefa ta, da biyu da minti goma ina riƙe da hannun Auta. Amma na dubi ƙotar, inda tafin Baba ya cinye itacen ya yi santsi, na tuna abu ɗaya ta roƙe ni a shekara goma sha ɗaya. Raina ya ce in na ajiye ta a ofis, zan turo kekenta waje ta riƙe ta a can. Na naɗe tawul na kama gudu.

Ginin ya fi yadda na zata tsawo. Na iske ofishin a kulle, da takarda manne a ƙofa. Wani mai tura kaya ya ce mai ofishin ma yana can bayan kogi. Na juyo. Numfashina ya ƙare, na tsaya na dafa bango. Wata mai shara ce a zaune a kan bokitinta da ta kifa, tana cin burodi, ta dube ni.

"Yaya, lafiya? Wa ya biyo ki?"

Na gaya mata a guntule. Ba ta bari na gama ba ta miƙo hannu.

"Kawo nan. Wa zai kula da sanda ɗaya a cikin sanduna?" Ta soke gudumar a amalankenta tsakanin tsintsiya da abin goge ƙasa. "Ina nan har biyar. Yi sauri."

Da mai gadin ya gan ni hannu sake, ya ba ni hanya. Na shiga. Babban agogon zauren yana cewa biyu da minti talatin da shida.

Na bi kujerun layi layi. A kusa da wani ginshiƙi na ga wurin da aka janye kujera ɗaya don keke ya samu shiga, da robar ruwa rabi a ƙasa. Na tambayi wata mata da ke zaune a gefen. Ta ce yanzun nan aka tura ta, mijin ya yi ta roƙo a ƙara musu minti biyar, an ƙara, ya yi ta zarya zuwa ƙofa ta uku yana leƙe. Ni ta farko na shigo.

Na ruga inda ta nuna. Wani jami'i ya tare ni ya ce daga nan sai mai tikiti. A gefensa bangon gilashi ne dogo, ta cikinsa ana ganin wani lungu mai haske inda matafiya ke wucewa. Na bi gilashin ina dubawa. Can na hango keke, wata ma'aikaciya tana turawa, mijin Auta a baya da jakunkuna biyu. Bayanta kawai nake gani. Kafaɗunta sun zama na yarinya.

Na kira sunanta. Gilashin ya haɗiye muryata. Na buga da tafin hannu, ko ni ban ji ba. Sai hannuna ya taɓa makullin ɗakina a bakin zani. Na kama shi na buga a gilashin. Biyu. Na tsaya. Ɗaya.

Kanta ya ɗago.

Na sake bugawa. Ta ɗaga hannu, ma'aikaciyar ta tsaya, ta juyo da keken. Tsakaninmu bai fi taku goma ba. Fuskarta ta ƙanƙance, idanun ne kawai na Auta. Ta dube ni, ta dubi zanen da na goge sau biyu, laka har ƙirji. Sannan ta dunƙule hannunta kamar mai riƙe ƙota, ta ɗaga gira, tana tambaya.

Na buɗe mata tafukana biyu. Babu komai.

Sai ta yi dariya. Ina ganin dariyar, ba na jin ta. Ta yi har ta koma tari, mijinta ya sunkuya yana shafa mata baya. Ma'aikaciyar ta dubi agogonta ta faɗi wani abu. Auta ta ɗora yatsa a ƙarfen kekenta ta buga, biyu, shiru, ɗaya. Aka juya ta. Ƙofar lif mai hawa da su sama ta buɗe, suka shiga, ta rufe.

Na tsaya a wurin har wani mai goge gilashi ya zo ya ce in ɗan matsa, ya goge inda goshina ya taɓa.

Mai sharar tana inda na bar ta. Ta dubi fuskata, ta zaro gudumar ta ba ni, ta gutsura min burodinta. A ɗakinta na kwana biyu, har ruwa ya sauka aka fara ƙetarar da mutane a jirgin ruwa.

Auta ta rasu kwana tara bayan nan. Mijinta ne ya kira wayar otal, aka zo ɗakin guga aka kira ni. Bayan ya gama faɗin abin da zai faɗa, ya ce ta bar min saƙo tun a cikin jirgi, ta ce kada ya manta.

"Ta ce in gaya miki, Yaya, wai kin yi saurin buga na ukun. Baba yakan fi haka jira."

Na ce masa ta yi gaskiya.

Gudumar tana bayan ƙofa, a inda take. Har yanzu da busasshiyar laka a ƙotarta, ban wanke ba. Wani lokaci in na dawo daga aiki, kafin in sa makulli, nakan ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina sau biyu, in tsaya. Ina jira sosai yanzu kafin na ukun.